Nasara 18 A Jere, Kofi Kuma Ya Tafi Gidan Wasu

 

Yau za mu bar Firimiya da Laliga su ɗan huta, mu tsallaka teku zuwa Amurka. Abin da ya jawo haka wani musu ne da ya ɓarke a ɗakin kwananmu na jami'a makon jiya. Wani abokinmu, magoyin bayan Arsenal na gani-kashe-ni, ya sake ɗauko tsohon labarin nan nasu na kakar 2003/2004, lokacin da suka buga wasa 38 a Firimiya ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka ci 26, suka yi canjaras 12, suka ɗaga kofi. Sai wani da ke kwance a gadon sama ya leƙo ya ce masa ya gode wa Allah da abin ya faru a Ingila, domin da a Amurka ne, duk wannan bajinta ba za ta ba su kofi ba. Nan ya kawo labarin wata ƙungiya mai suna New England Patriots da abin da ya same ta a kakar 2007. Ba mu yarda ba sai da muka yi karo-karon kuɗin data muka nemo wasannin a YouTube muka kalla da idonmu. Lokacin da aka buga su, wasunmu ba a daɗe da yaye su ba.

Kafin mu shiga labarin, bari mu ɗan yi muku bayanin wasan, don mun san da yawanku kun taɓa ganinsa a fim kawai, ƙarti sanye da hular kwano suna ta karo da juna kamar raguna. Amurkawa suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma da hannu ake yin yawancinsa, kuma ƙwallon doguwa ce mai tsini gaba da baya. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi, kuma a kowane ƙarshe akwai wani yanki da za mu kira gida. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, ko dai a ruga da ita ko a jefa wa wani ya cafe. In sun cika yadi goman, sai a sabunta musu wasu damar huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ƙwallo gidan abokan hamayya ya samo maki 6, shi ake kira tacdawun, kuma ana ƙara masa ɗan bugun da ke kawo maki 1. In an gaza kaiwa gida, ana iya doka ƙwallon da ƙafa ta bi tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, a sami maki 3. Mutumin da ke tsara hari yana jefa ƙwallo sunansa kwatabak, mu dai a nan za mu kira shi madugu, don shi ke jan ayari. Wasan minti 60 ne, an raba shi kashi huɗu, sai dai yawan tsayar da agogo kan sa ya ci awa uku.

Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. A nan ne bambancinsu da Firimiya yake. A Ingila, wanda ya fi tara maki a ƙarshen kaka shi ne zakara. A Amurka kuwa wasannin kaka, waɗanda a wancan lokacin guda 16 ne ga kowace ƙungiya, tikiti kawai suke ba ka na shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. A 2007 ƙungiyoyi 12 ne ke samun wannan tikiti, shida daga kowane rukuni biyu na gasar. Daga nan babu gida da waje, babu sai mun haɗu a karo na biyu. Wasa ɗaya ne, wanda aka doke ya tattara kayansa. Biyun da suka rage su ne ke haɗuwa a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl.

To, Patriots na 2007 sun buga wasanninsu 16 na kaka sun cinye duka. Babu ko canjaras. Sun tara maki 589, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi kafin su. Madugunsu Tom Brady ya jefa ƙwallon da ta zama tacdawun har sau 50, Randy Moss shi kaɗai ya cafe 23 daga ciki, kuma duka biyun sabon tarihi ne a lokacin. Kocinsu Bill Belichick ya riga ya ci musu kofi uku a 'yan shekarun baya. Ƙungiya ɗaya tak ce ta taɓa gama kaka har da kofi ba tare da an doke ta ko an riƙe ta canjaras ba, wato Miami Dolphins ta 1972 mai nasara 17. Kowa ya sa ido ya ga Patriots sun yi 19.

A ɗaya gefen kuma akwai New York Giants, waɗanda suka fara kakar da ƙafar hagu. An lallasa su a wasa biyu na farko, aka zura musu maki 80 a jimilla. Madugunsu Eli Manning ƙanen Peyton Manning ne, wanda ya ci kofi a kakar da ta gabata, don haka duk kuskuren da ya yi sai an auna shi da yayansa. Duk wanda ya shiga makarantar da yayansa ya yi fice a cikinta ya san wannan ciwon. A kakar nan kaɗai sau 20 abokan hamayya suka cafke jifar Eli a sama. Sun dai lallaɓa suka gama da nasara 10 da rashin nasara 6. Ɗaya daga cikin nasarorin ma a filin Wembley na Landan suka same ta, inda suka doke Miami 13 da 10 cikin ruwan sama da taɓo.

Abin da Giants ke da shi na alfahari shi ne masu tsaron gaba, waɗanda aikinsu su keta layi su kayar da madugun abokan hamayya kafin ya jefa ƙwallo. Sau 53 suka yi haka a kakar, fiye da kowace ƙungiya. A cikinsu akwai tsohon hannu Michael Strahan, da Justin Tuck, da kuma Osi Umenyiora, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Najeriya, ya kuma yi wasu shekarun ƙuruciyarsa a nan gida kafin ya koma Amurka yana ɗan sakandare kamarku. A can ya fara koyon wasan. A wani wasa da Philadelphia a wannan kakar, shi kaɗai sau 6 ya kayar da madugu.

Wasan da ya fi ɗaukar hankalinmu a duk labarin nan an buga shi ne tun kafin a shiga sili-ɗaya-ƙwale. Ranar 29 ga Disamba, 2007, wasan ƙarshe na kaka, Patriots suka je gidan Giants suna neman nasara ta 16. Su Giants sun riga sun sami tikitinsu, kuma ko sun ci ko an ci su matsayinsu ba zai canja ba. Al'adar masu horarwa a irin wannan hali ita ce a ajiye manyan 'yan wasa a benci kada wani ya ji rauni a banza, tunda babban aiki na nan mako mai zuwa. Koci Tom Coughlin ya ƙi bin al'adar. Ya fito da manyansa duka, suka buga kamar kofi ne a gabansu. Har sai da suka kai suna gaba 28 da 16 a kashi na uku, kafin Brady da Moss su farfaɗo a tashi 38 da 35. An doke Giants, wasu 'yan wasansu kuma sun fita da rauni, daidai abin da masu sukar kocin suka ji tsoro.

Amma sun fita filin da wani abu da benci ba ya bayarwa. Sun gwada ƙarfi da dodon da kowa ke gudu, sun ga ratar maki 3 ce kawai. Eli, wanda ake ta zagi, ya jefa tacdawun 4 a daren. Wannan ya tuna mana da yadda muka riƙa ɗaukar jarabawar gwaji lokacin muna aji shida. Da yawanmu mun shige ta da wasa, muna cewa ai ba ita za a rubuta a takardar sakamako ba. Waɗanda suka zauna mata da gaske kuwa, ranar babbar jarabawa ba su ne hannunsu ke rawa ba.

Mako guda bayan haka aka fara sili-ɗaya-ƙwale, kuma saboda matsayin Giants na ƙasa ne, duk wasanninsu a gidan wasu za su buga. Suka fara da Tampa Bay, ƙungiyar da ita ta bi al'ada ta hutar da manyanta a ƙarshen kaka. Giants suka ci 24 da 14. Daga nan sai Dallas Cowboys, waɗanda suka zo na ɗaya a rukuninsu, kuma sun riga sun doke Giants sau biyu a kakar. Aka tashi 21 da 17, bayan da aka cafke jifar ƙarshe ta madugun Dallas, Tony Romo, a cikin gida saura 'yan daƙiƙu.

Wasan na uku shi ne wanda muka kalla muna jin sanyi alhali muna cikin zafin ɗaki. Ranar 20 ga Janairu, 2008, a filin Lambeau na garin Green Bay, sanyi ya kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Ku auna da hunturunmu, wanda in ya sauko digiri 12 sai ka ga rabin aji sun makara. Fuskar Koci Coughlin ta yi jawur har masu kallo suka riƙa tausaya masa. A irin wannan sanyi ƙwallo takan yi tauri kamar dutse, ga kuma mai bugun Giants, Lawrence Tynes, ya ɓarar da bugu biyu a kashi na huɗu ana 20 da 20. Na biyun ma a daƙiƙar ƙarshe ne, daga yadi 36, wanda da ya shiga an gama. Aka tafi ƙarin lokaci. Madugun Green Bay, Brett Favre, gwarzon da garin ke ji da shi, ya yi jifa, Corey Webster na Giants ya cafke. Ita ce jifarsa ta ƙarshe a rigar Green Bay. Giants suka kasa matsawa sosai, ya rage bugu daga yadi 47, nesa fiye da biyun da aka ɓarar. Tynes bai tsaya jiran koci ya yi shawara ba, ya ruga fili abinsa. Ya buga, ta shiga. 23 da 20.

Su kuwa Patriots suna gida hankali kwance. Suka kawar da Jacksonville 31 da 20, suka kawar da San Diego 21 da 12. Nasara 18 ke nan, saura ɗaya.

Aka haɗu ranar 3 ga Fabrairu, 2008, a garin Glendale na jihar Arizona. Masu hasashe sun ba Patriots rinjayen wajen maki 12. Da wani ɗan wasan Giants, Plaxico Burress, ya yi cika-bakin cewa za su ci 23 da 17, Brady dariya ya yi a gaban 'yan jarida, yana mamakin a ce wai maki 17 kacal za su iya samu. Ashe ko 17 ɗin ba za su gani ba.

Dabarar Giants ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Na farko, a hana Brady riƙe ƙwallo: harinsu na buɗe wasa sai da ya cinye kusan minti 10 cur, ko da yake maki 3 kawai ya haifar. Na biyu, in ya riƙe ta, kada a bar shi ya numfasa. Sau 5 suka kayar da shi a daren, ban da bugun da ya sha bayan ya saki ƙwallo. Dab da hutun rabin lokaci Tuck ya make shi ƙwallo ta suɓuce, Umenyiora ya faɗa mata. Ƙungiyar da ta saba zura maki talatin da wani abu a kowane wasa ta tafi hutu da 7, Giants na da 3. A kashi na uku kuma Belichick ya yi wani zaɓi da har yau ake musu a kansa. Suna kusa da inda za a iya gwada bugun maki 3, ga yadi 13 a gabansu a dama ta huɗu, sai ya ce a yi jifa. Jifar ta tafi a banza. Ku riƙe lissafin maki ukun nan.

A farkon kashi na huɗu Eli ya jefa wa wani mai suna David Tyree ƙwallo a cikin gida, Giants suka wuce gaba 10 da 7. Tyree ba tauraro ba ne. Yawancin aikinsa a ƙungiyar shi ne ya ruga ya tare mai dawowa da ƙwallo bayan an buga ta, kuma a duk wasannin kaka 16 sau 4 kacal ya cafi jifa. A atisayen ƙarshe kafin wasan ma ƙwallo ta yi ta zubewa daga hannunsa. Brady dai Brady ne, ya ja ayarinsa tun daga can baya har ya sami Moss a cikin gida, saura minti 2 da daƙiƙa 42. Patriots 14, Giants 10. A ɗakinmu, duk da mun san yadda aka ƙare, sai da wani ya ce shi ke nan.

Giants suka karɓi ƙwallo da yadi 83 a gabansu, kuma bugun maki 3 ba zai fisshe su ba. Sau biyu suka leƙa rami. An kai dama ta huɗu saura yadi 1, Brandon Jacobs ya kutsa da ƙyar ya cika. Sannan Eli ya yi wata muguwar jifa da ta nufi Asante Samuel na Patriots, ya yi tsalle, ƙwallo ta taɓa yatsunsa ta wuce. Da ya riƙe ta, da yau wani labarin muke ba ku.

Abin da ya biyo baya sai da muka mayar da bidiyon baya ya fi sau goma. Dama ta uku, saura yadi 5, agogo na nuna minti 1 da daƙiƙa 15. Masu tsaron Patriots suka keto suka yi wa Eli rubdugu, har ana jan rigarsa ta baya. Ya fizge, ya yi tangaɗi, ya ja da baya, ya wurga ƙwallo sama tsakiyar fili, irin jifar da kowane koci ke hana madugunsa yi. Tyree ya yi tsalle, Rodney Harrison na Patriots na maƙale da shi yana dukan hannunsa. Hannu ɗaya ya zame. Sai Tyree ya danne ƙwallon da ɗaya hannun a jikin hular kwanonsa, ya faɗo da baya a kan Harrison, ƙwallo ba ta taɓa ƙasa ba. Yadi 32. Bayan 'yan jifa kaɗan Eli ya hango Burress shi kaɗai a kusurwar gida, ya ɗaga masa ita, saura daƙiƙa 35. Giants 17, Patriots 14. Brady ya sami dama huɗu na ƙarshe, aka kayar da shi a ɗaya, sauran ukun ba wanda ya cafe. Ratar maki 3, daidai da ta watan Disamba, sai dai ta juya.

Da bidiyon ya ƙare musunmu ya koma sabo. Abokinmu na Arsenal ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa: ta yaya wanda ya ci 18 ya faɗi 1 zai koma hannu rabbana, wanda aka doke sau 6 ya ɗaga kofi? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. In ana neman ƙungiyar da ta fi kowa iya wasa a 2007, mu ma Patriots za mu nuna, kuma tsarin Firimiya ya fi iya tace gwani, tunda wata tara ana gwada ka. Ba za mu kuma ɓoye cewa sa'a ta yi aiki ba. Ƙwallon da ta zame wa Samuel da wadda ta manne a hular Tyree ba koci ne ya tsara su ba.

Inda muka rabu da shi shi ne kalmar zalunci. Patriots sun san dokar tun ranar farko, kuma da wannan dokar suka ci kofunansu uku na baya. A na farkon ma, a kakar 2001, su ne 'yan baya-ga-dangin da suka kayar da St. Louis Rams da kowa ya ba nasara. Sannan sa'ar Tyree ba za ta yi amfani ba da a ce ana 35 da 10 ne a lokacin. Abin da ya sa wasan ya kai minti na ƙarshe yana hannun kowa shi ne aikin da su Tuck da Strahan da Umenyiora suka yi na minti 58, da kuma sanin da suka yi wa abokin karawarsu tun daren da aka ce musu su zauna a benci suka ƙi. Mu a ganinmu da Coughlin ya hutar da manyansa ranar 29 ga Disamba, da wuya su isa Arizona, balle su shiga filin ba tsoro. Wasu a ɗakin sun ce wannan hasashe ne kawai, kuma haka ne, hasashe ne. Ku ma kuna da bakin magana: ku rubuto mana wanne tsari kuka fi ganin adalcinsa, na tara maki ko na sili-ɗaya-ƙwale, za mu buga ra'ayoyin da suka fi ƙarfin hujja.

Strahan ya yi ritaya da kofin a hannu. Bayan shekara huɗu ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a Super Bowl, Giants suka sake ci 21 da 17, Umenyiora na cikinsu, kuma daga baya shi ne ya jagoranci shirin NFL na neman matasa masu hazaƙa a Afirka, har aka yi sansanin horo a Ghana a 2022. Brady ya ci gaba har ya tara kofi 7, amma bai sake yin kakar da ba a doke shi ba. David Tyree kuwa rauni ya hana shi buga kakar da ta biyo baya, ya ɗan taɓa wasa a Baltimore a 2009, sannan ya ajiye. Ƙwallon nan da ya danne a hularsa ita ce jifa ta ƙarshe da ya cafa a gasar NFL.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.